Ranar da Zailani Ya Samu Barci

Sai da hantsi ya yi ranar Asabar aka gane Zailani ya mutu. Da asuba babu wanda ya yi ƙarfin halin tashinsa salla. Wata takwas ke nan bai yi barcin kirki ba, tun ranar da wata mota marar lamba ta ajiye shi a bakin gadar Omdurman, bayan ya yi wata huɗu a inda ba a faɗa. Saboda haka da ya miƙe a angarib ɗinsa, gadon igiyar nan na tsakar gida, tun magaribar Juma'a yana minshari kamar injin ban ruwa, sai gidan ya koma tafiya da sanɗa. Rana ta hau fuskarsa, ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba, sannan matarsa Ni'mat ta taɓa ƙafarsa.

Takardar asibiti ta ce an samu ƙwayar kwantar da hankali mai yawa a jininsa. 'Yan sanda suka samu farin gari a gindin kofin shayinsa, da ɗan turmin daka kayan yaji wanda shi ma ya yi fari. Aka tambayi Ni'mat, ta ce ita ta daka, ita ta zuba.

Da safe mutanen unguwa suna raɗa cewa waɗanda suka tsare shi ne suka ƙarasa aikinsu. Amma a shekarun nan mutum yakan zargi wanda zai iya zargi ya kwana a gidansa. Kafin azahar magana ta sauka a kan Ni'mat, ta kuwa zauna daram. Dama 'yar kambo ce, daga bukkokin 'yan ƙodagon auduga na Gezira, dangin Zailani kuwa kakansu ya zo Omdurman tun kafin zuwan Turawan Ingila. Aka tuna an taɓa jin ta tana cewa ta gaji. Lawal, yayan mamacin, ya rantse a gaban mulazim, hafsan 'yan sandan da ke riƙe da maganar, cewa shi da mahaifiyarsu Hajja Khadiga ba za su yafe jini ba. Doka ta ba su wannan zaɓi, kuma ƙarshensa igiya ce. Abin da mulazim ya yarda da shi kawai shi ne a bar ta a ɗakin takaba har a naɗe tabarmin makoki ranar Litinin bayan la'asar.

*

Barakatu mai shayi, gwaggon Ni'mat, ita ta je wurin Ɗantsoho, wanda shi ma ɗan kambo ne. Shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu wa 'yan sandan Gezira, har gwamnati ta gano cewa ta fi bukatar masu jin magana a kan masu ganin ƙasa. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a ɗaki guda, yana dafa wa kansa wake yana zagin rediyo.

Ya saurare ta har ta gama, ya ce ƙafa ɗari biyu sun riga sun tattake gidan, babu abin da ya rage sai ƙura.

"To ka zo ka yi ta'aziyya mana, Yaya," in ji Barakatu. "Ko ita ma sai an share maka ƙasa an yayyafa ruwa?"

Ya ɗauki sandarsa.

*

An kafa rumfar makoki a kan titi. Ɗantsoho ya ɗaga hannu ya yi Fatiha da Lawal, sannan ya nemi wuri a bakin tabarma, inda masu daraja ba sa zama, kusa da tarin takalma. Mutane suna ɓoye fuskarsu a gidan makoki, takalmansu kuwa suna barinsu a waje a kife. Ya sha shayi kofi biyu yana karatu. Markub ɗin Lawal, takalminsa na gargajiya, na jar fata ne, an yi wa dundun hagu faci da guntun taya, taya mai zane kamar ƙashin kifi.

Maza suna ta faɗin halin kirkin Zailani: mai fentin mota ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, babu kamarsa wajen haɗa launi. Babu wanda ya ambaci wata huɗun nan. Lawal ya ce rabonsa da ƙaninsa tun ranar Alhamis, da ya san abin da ake dafa masa a gida da ya ɗauke shi.

Daga baya Ɗantsoho ya tsallaka titi zuwa gindin wata bishiyar nim, inda ya lura idon kowa yana kaucewa. Akwai sawun takalmin soja, lamba ɗaya, mutum ɗaya, da guntayen taba na makonni. Zuciyarsa ta so a ce a nan maganar take. Ya bi sawun a hankali har sau biyu. Mutumin yakan sauko daga mota, ya tsaya ya fuskanci ƙofar Zailani, ya koma mota. Ko sau ɗaya bai tsallaka titin ba. Bai da bukata.

*

Mace mai takaba ba ta ganin namijin da ba muharraminta ba, don haka ta bayan labule suka yi magana, Barakatu tana zaune a bakin ƙofa. Muryar Ni'mat a bushe take, kamar ta wadda ta riga ta gama kukanta tun mijin yana da rai.

Ta ce likita ne ya rubuta masa ƙwayar bayan fitowarsa, domin ko ƙofa aka buga sai ya shige ƙarƙashin gado. Da farko ta yi aiki. Daga baya harshensa ya yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe a fili, ya tambaye ta abu sau uku a zama ɗaya. A wurin aiki ya fente mota guda da launin wata. Ranar wani suna Lawal ya ce masa a gaban maza ya zama mashayin ƙwayar mata da mahaukata. Zailani ya dawo ya rantse ya daina. Kwana biyu da dainawar jikinsa ya kama rawa, gumi kamar an tsamo shi daga kogi, ya faɗi yana shure-shure a bakin randa. Tun daga ranar take daka masa a shayin magariba ba da saninsa ba.

"Guda nawa, 'yata?"

"Da ɗaya ce, Baba. Ɗaya ta daina kama shi, sai na koma biyu."

Ya tambaye ta wa ke share tsakar gida. Ta ce ita, kullum bayan la'asar, ta yayyafa ruwa kafin a fito da gadaje. Ranar Juma'a ma haka. Zailani ya dawo a makare, yana tangaɗi, amma ai tangaɗin ya zama tafiyarsa. Ta ba shi shayi ta koma kicin bayan gida tana yin kisra, wainar dawar nan mai faɗi. Babu wanda ya shigo. Hajja ma, da gidanta ke jikin nasu, tun da rana ta leƙo ba ta sake ba.

"Da na ji minsharin," in ji ta, "sai na cire takalmina don kada in tashe shi."

*

Ranar Lahadi ya hau bas zuwa asibitin da aka duba gawar. Likitan saurayi ne mai jajayen idanu, rabin hankalinsa yana kan takardun tafiya Saudiyya. Ya so ya sallami tsohon a tsaye, amma Ɗantsoho ya zauna ya ɗora sanda a cinya, irin zaman wanda ya taɓa jiran ɓarawo kwana biyu a cikin rami.

Likita ya ce ita wannan ƙwaya, diyazefam, ita kaɗai ba kasafai take kashe mai lafiya ba. Tana sa barci, tana sa mantuwa, tana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da ita, kuma yanke ta dare ɗaya haɗari ne. Amma tana rage numfashi, kuma mamacin ƙirjinsa dama a lalace yake da fenti, ga haƙarƙari uku da suka karye suka haɗe a karkace. Ɗantsoho ya ce bai ga maganar haƙarƙari a takarda ba. Likita ya dubi ƙofa ya ce takardar ƙarama ce.

"Sai kuma me bai samu wuri ba?"

Likita ya ce da ya buɗe cikin, warin aragi ne ya fara tarbarsa, giyar dabinon nan da ake dafawa a ɓoye. "Mutum ya mutu, kawu. In ƙara masa bulala arba'in a kabari? Yana da uwa."

Ya ce aragi da ƙwayar nan in suka haɗu a jiki ɗaya, kowanne yana ninka ɗan'uwansa. Wanda ya rubuta maganin bai tambayi Zailani ko yana sha ba, kuma ba a ga laifinsa, tunda gwamnati ta riga ta sanar babu mai sha a ƙasar. Minsharin da suka ji kuwa ba barci ba ne. Numfashi ne yake ƙarewa. Da an yi ƙoƙarin tashinsa aka ga bai tashi ba, aka juya shi gefe aka kawo shi, da wataƙila yana nan. Ya ƙara da cewa ko da hakan, abin da ya gani a jinin ya fi ƙarfin ƙwaya biyu nesa.

*

Bayan gidajen akwai wani lungu da ruwan wanka ke malalowa, ƙasarsa kullum da danshi, masu farar jallabiya ba sa bin sa. A nan Ɗantsoho ya samu abin da rumfar makoki ba ta tattake ba. Mutum biyu sun wuce tare zuwa wani kango. Ɗaya silifas ne, irin wanda ya gani a ƙarƙashin gadon Zailani. Ɗayan markub ne mai ƙashin kifi a dundun hagu. A kangon sun zauna a kan bulo, an jefar da gorar roba a bayan bango. Ya shinshina ya ajiye.

A dawowa markub ya rabu ya yi hanyar titi. Silifas ya taho shi kaɗai, yana jan yatsu, taku ɗaya dogo ɗaya gajere. Daf da ƙofar baya ya tsaya ya fuskanci bango, ya daɗe, har dugadugansa suka nutse. Ɗantsoho ya tsaya a kan sawun, ya miƙa hannu daidai kafaɗa. Akwai tsaga a tsakanin tubali. A ciki ya zaro takardun ƙwaya, wasu an ɓare, wasu da saura.

Ashe rantsuwar ta kwana biyu ce kawai. Zailani ya koma sha a ɓoye, yana tsoron bakin yayansa, matarsa kuma tana zuba masa a ɓoye, tana tsoron rantsuwarsa.

Ɗantsoho ya san wannan bai isa ya cire igiya daga wuyan yarinyar ba. Abin da mutum ya sha da hannunsa nasa ne. Abin da aka zuba masa bai sani ba, shi alƙali zai duba, kuma hannu ɗaya ne ya amsa ya zuba. Ya tura ƙofar baya ya shiga tsakar gida. An tattake ko'ina, kamar yadda ya faɗa tun farko. Sai bayan randunan ruwa, inda wani ɗan siririn wuri ya bi jikin bango ya ƙare a naffaj, 'yar ƙofar nan da ake hudawa tsakanin gida da gida don mata su miƙa wa juna wuta da gishiri da labari. Baƙi ba su san da ita ba, maza ba sa sunkuyawa su bi ta.

Ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe, har Barakatu ta zo ta tambaye shi ko gwiwar ce ta riƙe. Ya ce ta kawo babban faranti ta kife a wurin, kada kowa ya taɓa.

*

Litinin bayan la'asar aka fara naɗe tabarmi. Mulazim ya zo da mota da 'yar sanda mace. Ɗantsoho ya roƙe shi minti goma, albarkacin shanun kakansa da ƙila shi ya taɓa nemo su. Suka taru a tsakar gida: mulazim a kan kujera, Lawal a tsaye, Hajja Khadiga a kan angarib da sandarta da carbinta, Barakatu a bakin ƙofar ɗaki, Ni'mat a bayan labule.

Ya fara da lungu. Ya ajiye gorar roba da takardun ƙwaya a ƙasa, ya roƙi Lawal ya ɗaga ƙafarsa ta hagu. Lawal ya ce shi ba saniyar sata ba ce da ɗan kambo zai duba masa kofato. Mulazim ya ce ya ɗaga. Da aka ga ƙashin kifin, sai Alhamis ta koma Juma'a.

"Maganin maza na ba shi," in ji Lawal, idonsa a ƙasa don kada ya haɗu da na uwarsa. "Ya ce mini ya daina ƙwayar. Shekara goma ina sha, ban mutu ba. Garin da ta zuba shi ya kashe shi."

Mulazim ya ce maganar aragi tsakaninsa da Lawal ce, za su yi ta daga baya, amma ba ta wanke matar ba. Ya duba agogo.

Ɗantsoho ya je ya ɗaga farantin. Bai dubi kowa ba, ƙasa ya yi wa magana.

Ya ce wannan sawu ya hau kan zanen tsintsiya, kuma an taka shi ƙasa tana jiƙe, shi ya sa ya bushe da siffarsa. Wato bayan sharar la'asar ta Juma'a ne, domin tun ranar ba a sake shara ba. Mace ce, tsohuwa, ba takalmi, babban yatsanta na hagu ya hau kan na kusa da shi. Kullum da sanda take bin wurin, ga tsofaffin ramukan sandar nan a jikin bango. Amma a wannan shigowar babu sanda. Takunta gajeru ne, a jere, irin na wadda ta riƙo abu cike da hannu biyu tana tsoron ya zube. Ya kuwa ɗiga, a wuri biyu. Ya nuna da tsinke. Ɗigon baƙi ne, tawadar allo, rubutun sha. Da ya bushe sai ya bar farin zobe a gefensa, kamar alli.

"Na sha rubutu tun ina yaro, janabu mulazim. Ban taɓa ganin wanda ya bushe da fari ba." Ya miƙe da ƙyar. "Iyakar abin da ƙasa ta faɗa mini ke nan. Ba ta ce ga abin da ke cikin ƙwaryar ba. Ɗigo biyu ne, alƙali zai iya cewa farar ƙasa ce. Sauran sai mai ƙwarya."

Babu wanda ya dubi ƙafafun Hajja Khadiga, kuma kowa ya san inda suke. Ta ja su a hankali ta shigar ƙarƙashin tobinta, mayafin da ta naɗe jiki da shi. Carbin ya tsaya. Lawal ya ce wannan cin mutunci ne, a fitar da tsohon nan. Mulazim ya rufe littafinsa ya yi wa 'yar sandan alama da kai, ta nufi labule. Ɗantsoho ya ga maganar tana kuɓucewa, kuma ba shi da sauran abin da zai ɗaga. In tsohuwar ta yi shiru na minti ɗaya kawai, ta tsira da sunanta, ta kuma rabu da surukar da ba ta taɓa so ba.

"Ki bar ta," in ji Hajja Khadiga.

Ta yi maganar ne tana kallon gadon da babu kowa a kai. Ta ce tun ranar da aka tafi da shi ita ma barci ya ƙaurace mata, wani mai kantin magani ya riƙa ba ta ƙwayar ba tare da takarda ba. Da ta ji ɗanta ya rantse ya daina, ta ga yadda yake rawa, sai ta tuna abu ɗaya ne bai taɓa ƙi daga hannunta ba tun yana goye. Duk Juma'a takan karɓo masa rubutu. Ba ta gaya wa matarsa ba, don kada 'yar kambo ta ce uwar miji ta shigo mata gida da magani.

"Uku na saka. Na ga ya dawo a wahale." Ta juya carbin sau ɗaya. "Ya sha ya ce, Allah ya bar mini ke, Yumma, uwata. Na koma na zauna a bakin naffaj ina jin minsharinsa. Raka'a biyu na yi na godiya."

Mulazim ya daɗe yana kallon alƙalaminsa. Waɗanda doka ta ba ikon neman jini su ne uwa da ɗan'uwa, ga kuma hannun kowannensu a cikin ƙwarya ɗaya da na wadda suke nema. Ya tambayi Hajja ko har yanzu tana kan bakanta. Ta ce in za a rataye, a fara da babba. Mulazim ya rubuta layi biyu, ya ce wa 'yar sandan ta koma mota, matar ta ci gaba da takabarta.

A bakin ƙofa ya juyo ya tambayi Ɗantsoho, cikin muryar da ke neman amsa ɗaya tak, ko akwai sauran sawun da bai faɗa ba.

"Babu wanda ya shigo gidan, janabu," in ji Ɗantsoho.

*

Yana shirin fita Ni'mat ta kira shi ta bayan labule. Bai ji godiya a muryarta ba, bai kuma sa rai ba.

"Baba, da na tashe shi sallar isha, da ya tashi?"

Amsar likita tana bakinsa, kalma bayan kalma. Shekara talatin bai taɓa rage wa ƙasa magana ba, ko a gaban alƙali ko a gaban mai shanu.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Ni sawu nake bi."

A waje an kwance rumfa, titi ya koma titi. Ya tsallaka gindin nim don ƙafarsa ta saba. Babu sabon guntun taba. Takalmin sojan ya zo da safen nan, ya tsaya kaɗan, sannan ya yi gaba. Ɗantsoho ya bi shi da ido ba tare da ya sunkuya ba. Gida uku ya wuce, ya samu wata inuwar, ya juya ya fuskanci wata ƙofa mai shuɗin fenti, inda wata mata take yayyafa ruwa a ƙofar gidanta.